Anti, ina da cikin wata 5 kuma haƙori ya hana ni barci

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 29, yarana 2 ga kuma cikin wata 5. Kusan shekara 2 kenan wani haƙorina na ƙasa can ciki yayi kogo, in ya tashi sai na aika kemis a haɗo min magani ya lafa, har yazo ya daina ciwo gaba ɗaya na ɗauka na warke. To yanzu sati 2 kenan ya dawo, bana iya tauna ta wajen, dasashin yayi wani ɗan ƙurji yana fitar da ruwa mai wari, in na goge baki kuma sai jini. Uwar mijina tace ba a taɓa haƙorin mai ciki, na haƙura sai nayi arba'in, maigidan kuma yace asibitin haƙori na masu kuɗi ne ga hidimar haihuwa a gaba. Ni ma gaskiya tsoro nake ji, tunda nake ban taɓa zuwa ba, ga kunyar buɗe bakina gaban likita a yadda yake. Ya zanyi?"

Wa'alaikumussalam ƙanwata, sannu, Allah ya baki lafiya ya kuma sauke ki lafiya. Ciwon haƙori a kan tsohon ciki ko sabo ba ƙaramar wahala bace, duk wadda ta taɓa kwana zaune ta riƙe kumatu tasan me kike ji.

Amsata a taƙaice: ki je asibiti cikin satin nan, kar ki jira haihuwa balle arba'in. Ki lissafa da kanki, saura wata 4 ki haihu in Allah ya yarda, ki ƙara kwana 40 a kai, sama da wata 5 kenan zaki zauna da mugunya a cikin ƙashin muƙamuƙinki kina shan maganin da baki san sunansa ba, kuma da ɗa a cikinki. Wannan shine abin tsoro, ba kujerar likita ba.

Bari in fara miki da lokacin nan da kika ce ya daina ciwo kin ɗauka kin warke, dan nan ne yawancinmu muke ruɗuwa. Haƙori ba dunƙulallen ƙashi bane. Daga waje akwai farin ɓawo mai tsananin tauri, ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan taushi, can tsakiya kuma akwai jijiya da hanyoyin jini. Ƙwayoyin cuta da suke zaune a dattin baki suna cin sukarin da muka sha su fitar da tsami, tsamin nan ne yake cinye ɓawon a hankali har yayi rami. Babu wata tsutsa a ciki, duk masu turara hayaƙi su nuna miki tsutsa a kwano dabara ce kawai ta cin kuɗin mutane. Lokacin da ramin yake sama sama ba ya ciwo, ko kuma kiji ɗan tsam in kin sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi. In ya kai ga jijiya shine ciwon nan mai hana barci mai harbawa har kunne da rabin kai. To in aka ƙyale shi jijiyar mutuwa take yi, mataccen abu kuma ba ya jin zafi, shiyasa kika samu hutu na wasu watanni. Amma ƙwayoyin cutar basu tafi ko ina ba, sun bi ta saiwar haƙorin sun gangara ƙashi sun tara mugunya, ƙurjin nan da kike gani a dasashi ƙofa ce da mugunyar ta huda wa kanta take fita. Abinda kika kwatanta kenan, likita ne zai tabbatar in ya duba, amma haƙorin da ya kai nan babu ƙwayar da zata warkar dashi, ko antibayotik ne sai dai ya danne shi na ɗan lokaci, kamar ɗakin da yake yoyo ne ana ta tara kwano ba a hau an gyara rufin ba. Dole sai an cire tushen, ko dai a cire haƙorin ko a wanke cikin saiwarsa a toshe.

Yanzu maganar Hajiya. Bana so ki ɗauke ta a matsayin mai hana ki lafiya, tsoro take ji kar jikanta ya samu matsala, kuma haka ta taso taji ana faɗa. Amma maganar ba haka take ba. Ana duba haƙorin mai ciki, ana wankewa, ana ciko, ana cirewa in ta kama, allurar kashe zafi da ake yi a dasashi bata cutar da jariri, ita ce dai irin wadda ake yi wa mace in za a mata ɗinki bayan haihuwa. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta fitar da matsaya tun 2013 cewa aikin haƙori, har da hoto da allurar kashe zafi, babu laifi a yi shi ga mai ciki, kuma jinkirta aikin da ya zama dole shi yake ƙara dagula abu. Kuma cikin ikon Allah kina daidai lokacin da likitoci suka fi so, wato daga wata 4 zuwa wata 6, laulayi ya wuce, cikin kuma bai yi nauyin da kwanciya a kujera zata dame ki ba. In kika bari ya shiga wata 8 ko 9 kwanciyar rigingine ma kaɗai sai ta sa ki jiri.

Abinda ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shine haɗin kemis ɗin nan. Dan Allah daga yau ki daina. Yawancin haɗin da ake yi wa mai ciwon haƙori akwai burufen ko dikulofenak a ciki, su kuma ba a son mai ciki ta sha su daga sati 20 zuwa sama sai da umarnin likita, saboda suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki, a watannin ƙarshe kuma suna iya taɓa wata hanyar jini ta zuciyarsa. Ke kuma wata 5 kin shiga wannan layin. Akwai kuma kafson tetrasaiklin da wasu suke cusawa a haɗi, shi ma an hana mai ciki shansa, yana ɓata launin haƙoran ɗan tun yana ciki. Kinga abin mamaki, an hana ki zuwa gun likita dan a kare ciki, amma abinda ake barinki kina sha shine mai haɗari ga cikin. Kafin ki samu ganin likita parasitamol ne abokin tafiyarki, yadda aka rubuta ba a ninka ba, sai kuskure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau 3 ko 4 a rana. Kanumfari yana ɗan kashe zafi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma ba ya warkarwa. Kar ki danna asfirin a jikin dasashi yana ƙona naman wajen, kuma duk wanda yace miki ruwan batir ko fetur ko turare ki ɗiga a kogon, ki ce masa Allah ya kiyaye, wallahi mutane sun ƙona bakinsu da wannan.

Yadda zaki bi da Hajiya kuwa, ba da gardama ba. Ranar awo ki buɗe baki ki nuna wa nas ko likitar da take duba ki, ki ce ta rubuta miki takardar zuwa ɓangaren haƙori. In kin dawo gida sai ki ce Hajiya a wajen awo sun ga bakina sun ce lallai naje, sun ce barinsa ne zai iya taɓa cikin. Kinga magana ta tashi daga "ni nake so" ta koma "asibiti ne suka ce", kuma ba ƙarya kika yi ba. In da hali ma ki roƙe ta ta raka ki, ki ce kina jin tsoro kina so tana kusa, manya suna son a basu girmansu, kuma in taji daga bakin likita da kunnenta gobe ita zata faɗa wa wata.

Sai kuɗi. Nan bazan ce miki maigida bashi da gaskiya kwata kwata ba, aikin haƙori yana da tsada musamman a asibitin kuɗi, kayan aikin kusan duk daga waje ake shigo dasu, likitocin haƙori kuma kaɗan ne a ƙasar nan, su ma sun taru a manyan birane, wanda yake ƙauye sai ya haɗa da kuɗin mota da wunin da zai rasa. Ga halin da ake ciki na tsadar rayuwa, mutum yana neman na masara wa zai ce masa ya je a duba haƙorin da ba ya ciwo. Duk na yarda. Amma ke a Kano kike, kina cikin masu sa'a. Akwai ɓangaren haƙori a Asibitin Malam Aminu Kano, nan ne ma ɗaliban haƙori na Jami'ar Bayero suke koyon aiki, akwai a Asibitin Murtala, akwai a Asibitin Nasarawa. Masu karatu na wasu garuruwa, akwai a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, kuma manyan asibitocin gwamnati da dama suna da ɗakin haƙori ko da ƙarami ne. Yankar kati da dubawa shi ne mafi sauƙi a cikin kuɗin gaba ɗaya, kuma zuwa a duba bai wajabta miki yin aikin a ranar ba. Ki je a duba, a faɗa miki me ya kamata ayi da nawa ne, ki tambaya ba kunya: wanne ne dole yanzu, wanne zai iya jira bayan haihuwa, in an cire nawa, in an gyara nawa. Sai ki kawo wa maigida lissafi a hannu. Maza da yawa abinda yake tsorata su shine kuɗin da basu san iyakarsa ba, in kika ce "kaza ne" sai kiga ya nemo. In ma'aikaci ne kuma kuna da inshorar lafiya, ta tarayya NHIA ko ta jiha KSCHMA, ki tafi da katin ki tambayi me ta ɗauke a aikin haƙori kafin ki biya komai.

Sannan ki zauna ki tuna nawa kika kai kemis a shekara 2 ɗin nan, duk tashin da yayi da haɗin da aka siyo. Tsadar haƙori hawa hawa take. Lokacin da ramin yake ƙarami ciko kawai ake yi, zama ɗaya an gama, haƙorinki yana nan. In ya kai jijiya sai wankin saiwa, zuwa 2 ko 3, sau da yawa a ɗora masa hula a sama, kuɗin ya ninka sau da yawa. In ya wuce nan sai cirewa, ki zauna da giɓi ko ki sa na roba. In kuma fuska ta kumbura sai gado da ƙarin ruwa da allurai, wani lokacin har tiyata. Duk wata da aka ƙara ana jira, matakin gaba ake hawa.

Ina so in yi magana da maigidan kai tsaye in zaki nuna masa. Malam, matarka tana ɗauke da ɗanka kuma bata iya tauna abinci, wadda bata ci ba me zata ba na cikinta? Kuɗin haƙorin nan yana cikin hidimar haihuwa, ba daban yake ba, ka sa shi gaba da atamfar fitar suna. Kuma izinin fita da abin mota da wanda zai zauna da yara duk a hannunka suke, mata da yawa ba rashin sani ne yake zaunar dasu a gida ba, rashin wanda zai ce "tashi muje" ne.

To sai tsoro, wanda ina jin shine babba ko da kin sa shi a ƙarshe. Tsoron abinda baka taɓa gani ba ya fi yawa, dan haka bari in gaya miki yadda ake yi. Zaki zauna a wata doguwar kujera mai kwantawa baya, akwai fitila a saman fuskarki. Abu na farko da zaki faɗa, tun kafin a tambaye ki, ina da ciki wata 5, ga katin awona, ga magungunan da nake sha. Likita zai sa safar hannu ya ɗauki ɗan ƙaramin madubi mai mariƙi da wani siririn ƙarfe ya leƙa, ya ɗan ƙwanƙwasa haƙorin yaji ko da zafi, wataƙila ya ce ayi ɗan hoto na wajen. Ranar farko sau da yawa iyakarta kenan. In za ayi aiki sai allura a dasashi, zaki ji tsinin da ɗan yaji na daƙiƙu kaɗan, bayan minti 3 zuwa 5 sai kiji leɓenki da gefen harshenki sun yi nauyi kamar ba naki ba. Daga nan abinda zaki ji dannawa ce da girgizawa da ƙarar inji, ba zafi ba. In kinji zafi ki ɗaga hannu a tsaya a ƙara allura, haƙƙinki ne, ku yi wannan yarjejeniyar da likitan tun kafin ya fara. In kwanciyar ta dame ki ki ce a ɗan ɗaga kujerar ko ki karkata hagu. Ki ci abinci kafin ki fita, kar ki je da yunwa. Wallahi zafin da kika sha a dare ɗaya cikin sati 2 ɗin nan ya ninka na allurar.

In cirewa aka yi za a sa miki auduga ki cije kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, ranar ba kuskure baki da ƙarfi, ba yawan tofar da yawu, ba tsotsar wajen ko taɓa shi da harshe, saboda gudan jinin da ya daskare a ramin shine yake rufe ƙashin har ya warke. Washegari sai ki fara ruwan ɗumi da gishiri a hankali. Nauyin leɓen zai sake ki cikin awa 2 zuwa 4. Maganar da ake yi wai cire haƙori yana taɓa ido ko yana rage gani, babu ita, jijiyar gani daban take.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kar tsoron asibiti ko neman sauƙi ya kai ki wajen masu cire haƙori a kasuwa ko a gida. Ƙarfen da ya shiga bakin wani ya taɓa jini ba a dafa shi yadda ya kamata ba yana ɗaukar ciwon hanta, kuma mai ciki in ta kamu tana iya ba jaririnta. Ga shi sau da yawa kan haƙorin suke karyawa su bar saiwar a ciki, ciwon ya dawo ya fi da.

Kunya kuma, ƙanwata ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan haƙori tun safe har yamma bakin da ya lalace yake kallo, aikinsa kenan, mai lafiyayyen baki ai ba kasafai yake zuwa masa ba a ƙasar nan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 yace mutum kusan biliyan 3.5 ne suke fama da ciwon baki da haƙori, kusan rabin mutanen duniya, to ke wace ce da zaki ɗauka naki ne abin kallo. Warin da kike ji ba ƙazanta bace, mugunya ce, ana cire tushenta zai tafi. In namiji ne baki sake dashi ba ki tambaya ko akwai likita mace, akwai su a Kano, in babu a ranar to lalura ce, kuma fuska da baki kawai zai gani. Nasan wani lokacin ana gamuwa da ma'aikacin da zai ce "sai yanzu kika ga damar zuwa?", wannan ba daidai bane kuma ina kira ga ma'aikata su daina, irin wannan maganar tana korar mutum shekara da shekaru, ya koma ya gaya wa wasu goma su ma su ƙi zuwa. Amma in kin gamu da irinsa kar ki bar masa lafiyarki, ki shanye ki karɓi abinda kika je nema.

Jinin da kike gani in kin goge baki wani abu ne daban da kogon. Ciki yana canza sinadaran jiki, dasashi ya kumbura ya riƙa jini da an taɓa shi, mata da yawa suna samun haka. Kuskuren shine a daina gogewa saboda jinin, nan ne dattin yake ƙara taruwa jinin ya ƙaru. Ki samu burushi mai laushi ki riƙa gogewa a hankali har bakin dasashin, safe da kuma dare kafin kwanciya, minti 2, da makilin mai fuloraid, ki duba jikin kwalin zaki ga an rubuta 1000 zuwa 1500 ppm. In kin gama ki tofar kawai kar ki bi da ruwa ki wanke shi tas, barinsa ne yake ƙarfafa haƙorin. In amai ya zo miki ki kuskure da ruwa ki jira kamar rabin awa kafin ki sa burushi, tsamin ciki yana tausasa ɓawon haƙori. Wataƙila likita ya ce a miki wankin haƙori, kar ki ƙi. Masu cewa wanki yana sa haƙori girgiɗi ko yana buɗe tsakaninsu, abinda ya faru shine dattin da ya daskare ya zama dutse ya riga ya cinye dasashin da ƙashin, da aka ɗauke shi sai ɓarnar da yayi ta fito fili. Kuma maganar wai jariri yana zuƙe kalsiyam daga haƙorin uwa shiyasa duk haihuwa sai an rasa haƙori, ba haka bane, kwaɗayin zaƙi da amai da barin gogewa ne suke yin aikin.

Aswaki kar ki bar shi. Annabi (SAW) yace ba dan kar ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da aswaki a kowace sallah, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma wanda yake bin wannan da gaske sau 5 a rana dattin bakinsa zai ragu sosai. Ki haɗa shi da burushi da makilin ɗin, dan aswakin yana da wuyar kaiwa can bayan turame inda naki ya lalace. Amma aswaki tsafta ce, ba ya cike ramin da ya riga ya haƙu. Gawayi da toka da gishiri tsura kuma kankare haƙori suke yi, a bar su.

Sukari kam sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba kar ya wuce kamar giram 50 a rana, cokalin shayi 12 kenan, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Kwalbar lemo guda ta 35cl tana da kusan cokali 9. Ki ƙara shayin safe, da zoɓo, da kunun aya, da sukarin da ake zuba wa koko da fura, da alawa da tuwon madara da yara suke tsotsa a hanyar islamiyya. Kuma ga haƙori yawan lokutan ya fi yawan sukarin illa, wanda ya sha zaƙinsa tare da abinci sau ɗaya ya fi wanda yake kurɓa kaɗan kaɗan tun safe har dare, dan duk kurɓa ɗaya sabon tsami ne yake sauka a haƙori.

Tunda zaki je, ki tafi da yaran nan 2 a leƙa bakinsu, in ba ranar ba to wani zuwan. Mun saba cewa haƙorin yara ai zai faɗi wani ya fito, amma a wajen shekara 6 akwai turame 4 na dindindin da suke fitowa can baya ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye suna ɗauka na yarinta ne su bar su su ruɓe, kuma su ba a sake su. Sannan yaron da aka fara kai shi lafiyarsa ƙalau, aka ɗora shi a kujera aka ƙirga haƙoransa aka sallame shi, ba zai girma da irin tsoron da kike ji yau ba. A arewa muna da ƙarin dalili ma, cutar noma mai cinye kumatu da leɓen yara ƙanana daga gyambon dasashi take farawa a jikin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin kwanaki take ɓarna, har asibiti guda aka gina mata a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi dasu bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Duk yaron da dasashinsa yake jini yana wari, a kai shi da wuri. Ke ma bayan an gama wannan kin haihu kin huta, ki riƙa leƙawa ko sau ɗaya ne a shekara ko ba abinda yake miki ciwo. Ranar 20 ga Maris ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, a irin lokacin likitocin haƙori sukan fita wayar da kai da duba mutane, a riƙa sa kunne.

Na ce cikin satin nan, amma akwai alamomin da in kin gansu ba jiran gobe. In kumatunki ya kumbura yana hawa wajen ido, ko kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya yayi tauri, ko bakinki ya ƙi buɗuwa sosai, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko numfashi ya fara miki wuya, ko zazzaɓi mai zafi ya rufe ki, to ko ƙarfe 2 na dare ne a tafi ɓangaren gaggawa na babban asibiti. Mugunyar haƙorin ƙasa tana iya bazuwa ƙarƙashin harshe ta toshe hanyar iska, kuma ana rasa rai ta haka, ba a shafa mata man zafi ko a ɗaure da tsumma a ce sanyi ne. Ki karanta wa maigida wannan sakin layin musamman, dan in ta faru shi ne zai nemo mota.

Ki fita da sassafe dan layin kati yana tsawo, ki riƙe katin awo da ragowar ƙwayoyin kemis ɗin a leda ki nuna wa likita ya ga me kika riga kika sha, a wajen awo ma ki faɗa musu. In an duba ki rubuto min me suka ce. Allah ya raba lafiya, ki gaida Hajiya da yaran.